Filtar bakteriya ta otokilef ta yi duhu, ƙofa na jinkirin buɗewa: a wanke ko a canza?

Ma'aikaciyar Haƙori:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu gyaran kayan asibiti da waɗanda suka san aikin tsarkake kayan aiki da tururi.

Otokilef ce, wato na'urar tsarkake kayan aiki da tururi, ta kan tebur, ajin B, mai lita 22, irin wadda ke zuƙe iska kafin ta saki tururi. A gabanta, bayan wani ɗan murfi, akwai wata zagayayyar filta da ake murɗawa a ciki, wadda littafin na'urar ya kira filtar bakteriya. Da can fara ce, yanzu ta koma ruwan toka, kuma gefe ɗaya ya yi tabo kamar ruwa ya taɓa kwanciya a wurin. Abubuwa uku ke faruwa: bayan an gama shanya na'urar tana daɗewa kafin ta saki ƙofa, wasu fakitoci suna fitowa da danshi, sannan allo yana ta nuna a canza filta. Amma tef da takardar shaida, masu nuna tururi ya kai ga kaya, suna canza launi yadda ya kamata, gwajin Helix ma, mai duba ko tururi yana ratsa cikin siririn bututu, yana wucewa kowace safiya.

To mene ne aikin wannan filtar, tunda tururi ne ke kashe ƙwayoyin cuta? Za a iya wanke ta, ko a hura mata iska, ko a saka ta cikin otokilef ɗin ta tsarkaka? Akwai wata filtar ɗakin gwaje-gwaje mai ramuka masu girman maikiron 0.2 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) da bakinta ya yi daidai, za ta iya tsayawa a madadinta? In duk ba su yiwu ba, laifi ne a cire ta a ci gaba da aiki kafin sabuwa ta iso?

Injiniyan Kayan Asibiti:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsa a taƙaice: ba a wankewa, ba a hurawa, ba a aiki babu ita. Canza ta ake yi.

Filtar nan ba ruwanta da tururi. Aikinta na farawa ne bayan tururi ya gama nasa. Na'urar ajin B tana zuƙe iska sau da yawa a farko, ta cika tukunya da tururi, ta riƙe digiri 134 na aƙalla minti 3 ko digiri 121 na aƙalla minti 15, sannan ta sake zuƙe komai don kaya su bushe. A ƙarshen shanyar cikin tukunya ya kusa zama fanko, matsin da ke ciki bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na matsin waje ba. A wannan hali ko ƙato ba zai iya janye ƙofar ba, dole sai iska ta koma ciki. Ina iskar za ta fito? Daga ɗakin da kike tsaye, da ƙurarsa da numfashin mutane da duk abin da ke yawo a cikinsa. Tukunya mai lita 22 za ta sha abin da ya kusa lita 20 a kowane zagaye, kuma kai tsaye take sauka kan kayan da aka gama tsarkakewa. Wasu na'urorin ma a tsakiyar shanya suna riƙa shigar da iska kaɗan-kaɗan suna sake zuƙewa don su kwashe danshi. Duk ta cikin filtar nan take bi.

Ƙa'idar EN 13060, wadda ta shafi ƙananan otokilef, da EN 285 ta manya, duk sun shar'anta filtar ta tare aƙalla kashi 99.5 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3. Bakteriyar Staphylococcus aureus kusan maikiron 1 ce, ƙwayoyin Bacillus masu sulke ma haka, na naman gwari irin Aspergillus kuwa maikiron 2 zuwa 3 ne. Don haka lafiyayyar filta tana tare su cikin sauƙi.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Filta tana lalacewa ta hanya biyu, ɗaya mai surutu, ɗaya shiru. In ta toshe za ki gani: ƙofa na jinkiri, kaya na fitowa da danshi, na'ura na kuka. Wannan shi ne naki, kuma da sauƙi, don ya sanar da kansa. In kuwa tantaninta ya yage ko zoben robarta ya tsage, na'urar sai ta ƙara sauri ma, ƙofa ta buɗe nan take, kowa ya ce ta warke. Babu gwajin yau da kullum da zai tona wannan. Tef da takardar shaida sun riga sun canza launi tun lokacin tururi. Gwajin Helix da na Bowie-Dick suna duba ko an fitar da iska tururi ya ratsa ne, ba sa duba iskar da ta dawo. Kwalbar gwaji mai ɗauke da bakteriyar Geobacillus stearothermophilus, wadda ake sakawa don a ga ko tururi ya kashe ƙwayoyi, an riga an kashe abin da ke cikinta kafin iskar ta shigo. Gwajin yoyon iska kuma ana yin sa ne bawul ɗin da ke buɗe hanya ya rufe tsakanin filta da tukunya yana rufe. Saboda haka wucewar Helix ba shaida ba ce ga filta ko kaɗan. Shi ya sa masu ƙera na'urorin suka ɗaura canjin a kan lissafi, ba a kan gani da ido ba. Da yawansu sun sa zagaye 400 zuwa 500, ko 'yan watanni, duk wanda ya riga zuwa, wasu kuma sun haɗa shi da sabis na shekara. Na littafin na'urarki shi ne hukunci. In kika ninka lita 20 sau 500 za ki ga ɗan abin nan ya tace lita 10,000 na iskar ɗaki, ba mamaki ya yi toka.

Wanki da hurawa su ne ke mayar da lalacewa mai surutu ta koma ta shiru. Iskar kwamfuresa tana da matsin bar da yawa (bar 1 kusan matsin iskar waje ne), za ta fasa tantanin ta inda ido ba ya gani, ga kuma maiƙon da take ɗauke da shi. Ruwa da sabulu suna kashe ƙin ruwan da tantanin yake da shi. Saka ta cikin tukunya kuma, in ba a rubuta a jikinta cewa tana jure tururi ba, kwanson robar zai lanƙwashe, haɗin da ke tsakanin tantani da kwanso ya buɗe. Ko da tana jurewa, tururi ƙwayoyi yake kashewa, ba ya fitar da ƙurar da ta toshe ramuka.

Canjin kansa aikin minti biyar ne. Ki bari na'ura ta huce, ƙofa a buɗe, ki kashe ta. Ki sa safar hannu, ki murɗe tsohuwar ta hagu, ko ki zare ta in irin ta tiyo ce. Ki leƙa bakin da take zama: ya zama busasshe, ba tsatsa, ba farin gishiri. Sabuwar ki duba lambarta ta yi daidai da ta littafi, ledarta ba ta huje ba, ki fitar da ita a lokacin sakawa, kada yatsa ya taɓa bakin da ke kallon na'ura. In akwai kibiya ko rubutun da ke nuna gefen shigar iska, ki bi shi. Da hannu ake ɗaurewa har ta tsaya, ba da filaya ba, domin zaren roba ne, ƙarfi kaɗan ya tsaga shi. Sai ki rubuta kwanan wata da lambar zagaye a jikinta da cikin littafin rajista, ki mayar da ƙidayar allo sifili, ki yi gwajin yoyon iska tukunya tana sanyi kuma babu kaya, sannan Helix, kafin ki saka kayan farko.

Malamin Lab:

Injiniya ya gama da yawancin maganar, amma tabon ruwan nan da Malama ta ambata bai kamata a wuce shi ba. Tokar ƙura abu ne da aka saba, tabon ruwa kuwa ba haka ba ne. Filtar nan iskar ɗaki kaɗai ya kamata ta gani. In ta jiƙe, ko dai ruwan ya zo daga waje, ko daga ciki.

Daga waje shi ne mai goge na'ura ya fesa maganin kashe ƙwayoyi a gabanta, ko ruwa ya zuba lokacin cika tanki. Sifirit ya fi komai ɓarna a nan. Tantanin PTFE, wato wata irin roba da ake yin irin wannan filta da ita, ba ya shan ruwa, amma yana shan sifirit da duk wani abu mai kumfa, kuma da zarar sun jiƙa shi sai ruwa ya bi sawunsu. A jiƙa tsumma a goge, kada a fesa.

Daga ciki kuwa bawul ne. Tsakanin filta da tukunya akwai bawul mai aiki da lantarki, wasu na'urorin har da bawul mai hana komawa baya. A digiri 134 matsin tukunya ya ɗan haura bar 2 a kan na waje. In ɗan datti ko gishirin ruwa ya zauna a mazaunin bawul, tururi zai riƙa sulalewa baya ya zama ruwa a cikin filta. Alamarsa: ki taɓa filtar a tsakiyar zagaye, in ta yi zafi ko kin ga gumi a cikin kwansonta, to tururi na kai mata. Irin wannan bawul ɗin yakan bar iska ta shiga lokacin zuƙa, don haka ki duba sakamakon gwajin yoyon iska. Iyakarsa hawan matsi na milibar 1.3 a minti (milibar kashi ɗaya ne cikin dubu na bar), wato milibar 13 a minti 10 na awo. In ya kusa iyaka ko ya wuce, mai gyara zai iya toshe bakin filtar na ɗan lokaci ya maimaita gwajin; in lamba ta faɗi sosai, bawul ne, in ba ta motsa ba, a koma kan robar ƙofa. In ba a gyara bawul ba, sabuwar filta ma cikin ɗan lokaci za ta bi 'yar uwarta. A duba ruwan da ake zubawa kuma, domin EN 13060 ta ba da shawarar kada ya wuce maikirosimens 15 a santimita, wato awon da ke nuna yawan gishirin da ke cikin ruwa, kuma ruwa mai gishiri shi ke cinye mazaunin bawul.

Batun filtar lab: lambar 0.2 kaɗai ba ta isa ba. Yawancin waɗanda ake tace ruwan magani da su tantaninsu na wata roba ce mai suna PES, ko nailan, ko selulos asitet, duk masu shan ruwa. Irin wannan in ya jiƙe, iska ba ta ratsa shi sai an matsa da sama da bar 3. Ita kuwa otokilef, komai ƙarfin famfonta, bambancin matsin da za ta iya samarwa da iskar waje bai wuce bar 1 ba. Ma'ana ranar da danshi ya taɓa ta ƙofarki ta kulle da kaya a ciki. Ko da PTFE ce, ki dubi faɗinta. Ƙaramar filtar sirinji mai milimita 25 ba za ta iya wuce lita 20 cikin lokacin da na'ura ta ware ba, sai allo ya ba da kuskure. Ni dai ban ga dalilin gwada wadda ba a yi ta don na'urar ba.

Ma'aikaciyar Haƙori:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba takardar gwajin yoyon iska, yana wucewa amma lambar tana hawa a hankali, yanzu tana dab da iyaka. Filtar kuma tana ɗumi a tsakiyar zagaye. Sauran tambaya ɗaya: tunda kayanmu duk a cikin fakiti suke a rufe, ashe fakitin bai isa ya kare su ba ko da filtar ta yage? Kuma wani ya ce mini a manyan na'urori ana tsarkake filta da tururi a maimaita amfani da ita, me ya sa tamu ba haka ba?

Injiniyan Kayan Asibiti:

Malama, alamomin biyu sun haɗu a kan bawul, a kira mai gyara ya buɗe shi tare da canjin filtar.

Fakiti yana karewa, amma da sharaɗi: ya zama busasshe kuma iska ta ratsa shi a hankali. Gefen takardarsa ba rufaffe ba ne, zaruruwa ne da suka sarƙe, ta nan tururi ke shiga ya fita. Lokacin da iska ke komawa tukunya, kowane fakiti ma fanko ne, don haka iskar ta cikin takardar take kutsawa da ƙarfi, a daidai lokacin da takardar take da zafi kuma wataƙila da sauran danshi. Jiƙaƙƙiyar takarda hanya ce ga bakteriya. In aka cire filtar gaba ɗaya kuma, babu abin da zai tace iskar. Kayan da aka saka tsirara a kan tire kuwa ba su da wata kariya sai ita.

Tsohon Ma'aikacin Magunguna:

Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba, sai dai wata filta daban yake nufi. A manyan na'urorin masana'antar magunguna filtar doguwa ce mai ninki-ninki, galibi inci 5 ko 10, a cikin gidan ƙarfe mara tsatsa. Tantaninta PTFE ne mai maikiron 0.2, an tabbatar da shi da wata ƙaramar bakteriya mai suna Brevundimonas diminuta, ƙwayoyi miliyan 10 a kan kowace murabba'in santimita, bisa hanyar ASTM F838, ba tare da ko ɗaya ya wuce ba. An ƙera ta don ta sha tururi a inda take, kuma mai ƙera ta ya faɗi sau nawa ko awa nawa za ta jure.

Amma maimaita amfanin yana da farashi: dole a riƙa gwada lafiyarta. Hanyar da aka fi so ita ce a cika gefen shiga da ruwa mai tsabta, a matsa shi da kusan bar 2.5, a auna yadda matsin ke sauka. Lafiyayyen tantani yana ƙin ruwan, mai huda kuwa sai ya bari ya wuce. Ɗaya hanyar ita ce a jiƙa tantanin da haɗin sifirit ɗin aisofurofil da ruwa, 60 da 40, a riƙa ƙara matsin iska har kumfa ta ɓalle. A irin wannan tantanin hakan na faruwa ne daga wajen bar 1 zuwa sama, ainihin lambar tana cikin takardar filtar. Bayan kowane gwaji sai an busar da ita sarai. Kuma abin da ya fi kashe su ba tsufa ba ne, tururin da aka saki da gaggawa ne. A digiri 121 zuwa 134 kejin robar da ke riƙe da tantani yana laushi, in bambancin matsi tsakanin gefe biyu ya haura kusan bar 0.3, ninkin ya murƙushe. Ruwan da ya taru a gindin gidan filta ba a zubar ba shi ke jawo haka, domin yana toshe tantani matsi ya taru a gefe ɗaya. Ƙaramar filtarki ba ta da gidan ƙarfe, ba ta da bakin gwaji, ba ta da magudana. Abin da ya maye gurbin duk wannan a wurinki shi ne jefarwa a kan lokaci.

A nan zan ɗan saɓa wa Injiniya, da ya ce filtar otokilef ba ruwanta da tururi. A taki haka ne. Amma akwai ta biyu da masu karatu ya kamata su sani, wadda ke kan hanyar fita. A na'urorin da ake kashe sharar lab da su, musamman ɗakunan da ke mataki na 3 na tsaron ƙwayoyin cuta inda ake noman irin su Mycobacterium tuberculosis mai jawo tarin fuka, haɗarin a farkon zagaye yake. Iskar da famfo ke zuƙewa daga jakunkunan shara ba a riga an kashe komai a cikinta ba. Don haka ake bi da ita ta filta mai maikiron 0.2 kafin ta kai famfo, ruwan da ya taru a gindin tukunya kuma a riƙe shi a ciki har sai ya sha zafinsa. Wannan filtar ana tsarkake ta da tururi a cikin zagayen kansa, da ma'aunin zafi a gidanta, kuma ba a buɗe gidan don canji sai bayan cikakken zagaye ya kammala. In zagayen ya katse a tsakiya, a ɗauke ta a matsayin gurɓatacciya. Duk wanda ke saka farantan noman ƙwayoyi a cikin otokilef mai zuƙar iska wadda ba ta da wannan tsari, ya san abin da famfonsa ke fitarwa yana komawa ɗaki ne ko magudana.

Sista Mai Kula da Tiyata:

Malama, ga abin da ya rage a ɓangarenmu na masu amfani da kaya. Duk fakitin da ya fito da ɗigon ruwa ko takardarsa ta yi laushi, ba tsarkakakke ba ne, komai kyan launin takardar shaida. Kada a shimfiɗa shi ya bushe a mayar ma'ajiya. A buɗe, a sake sabon fakiti, a sake zagaye. Ma'aunin da ƙa'ida ta sa shi ne nauyin kayan ƙarfe kada ya ƙaru da fiye da kashi 0.2 cikin ɗari bayan shanya, na yadi kuma kashi 1, amma a aikace ido da yatsa sun isa su gaya miki.

Ki kuma duba kayan da ke ajiye tun daga lokacin da aka fara ganin danshin. Takardar da ta jiƙe ta bushe takan bar tabo ko ta yamutse. Duk mai wannan alama a janye shi. In da an cire tsohuwar filtar aka tarar ta yage ko kwansonta ya tsage, a sake tsarkake duk abin da ke ma'ajiya daga wannan na'urar, tunda ba wanda zai iya cewa ga ranar da ta yage.

Kada kuma a ɗora wa filta duk laifin danshi. In an canza ta, an gyara bawul, fakitoci suna nan da ruwa, a dubi lodi: kada su hau kan juna, a jera su a tsaye in akwai abin jerawa, takarda na kallon robar na kusa da ita, kada su taɓa bangon tukunya, kuma kada a wuce nauyin da littafi ya ƙayyade wa kayan da ke cikin fakiti. A ciro 'yar ragar magudanar da ke gindin tukunya a wanke ta, ita kam ana wanke ta, don zare da guntun takarda suna taruwa a kai su hana ruwa fita. Sannan a riƙa ajiye filta ɗaya ta ko-ta-kwana a cikin ledarta, a busasshen wuri, ranar da aka saka ta a yi odar wata.